Ɓuntu a Madadin Gawayi: Sana'a Ce Ko Lissafin Dokin Rano?

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, lissafin murhu ya rikice wa magidanta a birnin Katsina. Kuɗin mota ya tashi, ya ja na itace da na gawayi ya tafi da su. A 2024 kilon gas ɗin girki ya haura naira 1,000, kananzir kuwa dama ya daɗe da yin sallama da gidan talaka. A tsofaffin unguwannin da suka kewaye hasumiyar Gobarau, har zuwa Yarinci da Rafindadi, inda gida ɗaya kan ɗora tukunya biyar ko shida saboda yawan iyali, gidaje da dama sun jingine tukunyar gas a lungu, sun kakkaɓe kurfoti.

A cikin wannan hali ne wata magana ta samu shiga majalisun matasa, musamman waɗanda suka gama karatu suna jiran aiki: me zai hana a mayar da sharar gona makamashi? Ana nufin ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, totuwar masara da garin katako, a ƙona su, a cure su, su zama dunƙulen gawayi. Hujjar da aka fi jawowa daga Landan take, inda aka taɓa zuba man da aka tatsa daga dusar gahawa a motocin bas. Wasu na ganin arziki ne kwance yana jiran mai ɗauka. Wasu kuma, galibi waɗanda suka san kasuwar hatsi da ta dabbobi, sun ce a bi a hankali.

Labarin gahawa, wanda kowa ke ja wajensa

A 2013 wani matashi ɗan Ingila mai suna Arthur Kay ya kafa kamfanin bio-bean. Aikinsa bin shagunan shan gahawa da ofisoshi da tashoshin jirgin ƙasa, yana kwashe dusar da ta rage bayan an tace ruwan. Idan dusar nan ta bushe, tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na nauyinta mai ne, kuma tun a 2008 masu bincike a Jami'ar Nebada ta Amurka suka nuna cewa ana iya sarrafa man ya zama dizal. A watan Nuwamban 2017 kamfanin ya haɗa hannu da Shell da Argent Energy, aka tatsi lita 6,000, aka gauraya da wani man, aka zuba wa wasu motocin bas na Landan. Jaridun duniya suka yi ta yayatawa.

A nan masu goyon baya ke ajiye labarin. Masu suka kuwa sai su ce a ƙarasa shi. Lita 6,000 ɗin nan, a faɗar masu aikin da kansu, abin da zai taimaka wa bas ɗaya ne ta yi shekara a kan hanya, a birnin da ke da bas dubbai. Hajar da kamfanin ya fi sayarwa curin dusa ne da ake ƙonawa a murhun ɗumama ɗaki, man bai taɓa zama cinikin kullum ba. A 2023 kuma kamfanin ya durƙushe, aka sayar da kadarorinsa. Dusar gahawa a jiƙe take zuwa, rabin nauyinta ko fiye ruwa ne, ga ta a warwatse cikin shaguna ba adadi. Kafin a tattara, a ɗauko, a busar, kuɗi sun tafi. Ko da za a tatse man dusar gahawar duniya kaf ta shekara guda, ba zai kai dizal ɗin da duniya ke ƙonawa a yini ɗaya ba.

A Katsina ma batun gahawar bai taso ba. Wadda mai shayi ke zubawa gari ce mai narkewa, ba ta barin komai a gindin kofi. Dusarta can ta tsaya a masana'anta, kuma kamfanin Nestlé na ƙona ta a tukwanen tururi na wasu masana'antunsa, domin a wurin a tare take, ba sai an yi hayar mota an bi ta shago-shago ba. Saboda haka muhawarar tamu kan abin da gonakinmu ke bari ce.

Masu goyon baya: ga kaya, ga kasuwa

Farkon abin da suke nunawa shi ne shinkafa. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki a Kebbi a Nuwamban 2015, sannan aka rufe iyakoki a Agustan 2019, injinan casar shinkafa suka yawaita a Arewa, manya da ƙanana. Kashi ɗaya bisa biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne. Injin da ya cashe tan goma ya tara tan biyu a bayansa. Ɓuntu ba ya saurin ruɓewa, ba shi da wani amfanin kirki a cikin dabba, kuma a bushe yake fitowa, wanda shi ne abin da dusar gahawa ta rasa. Duk wanda ya taɓa ratsa Kura a jihar Kano ya ga tulinsa, ya kuma ga inda ake cinna masa wuta ya kwana yana turnuƙu don kawai a rage shi.

Sannan aikin ba ya bukatar injiniya daga waje. Ganga ake samu, a huhhuda gindinta, a cika da ɓuntu ko ɓawon gyaɗa, a kunna wuta, a toshe iska yadda zai yi baƙi ba tare da ya zama toka ba. In ya huce a daka, a tankaɗe, a dama sitacin rogo kamar koko a kwaɓa da shi, a matse cikin gwangwani ko ɗan injin hannu wanda kowane mai walda zai iya ƙerawa, a shanya kwana uku zuwa biyar. Mace za ta iya yi a tsakar gidanta. Sun ce abin ma ba baƙo ba ne: a shekarun 1990, da kananzir ya yi ɓatan dabo, ai da garin katako aka yi ta girki a murhun nan da jama'a suka laƙaba wa sunan Abacha.

Ta fuskar kasuwa kuwa, sun ce ba sai an yi talla ba. Gidan burodi, mai tsire, mai shayi, mai ƙosai, makarantar kwana, duk kullum sai sun sayi wuta. Gawayin da ake shigowa da shi daga dazuzzukan kudu da mu yake tasowa, kowane buhu da kuɗin dizal a kansa. Dajin Rugu da a da ake dogaro da shi wajen itace, ta Safana da Batsari da Ɗanmusa, shekaru ke nan shigarsa kasada ce. Abin da aka yi a gefen gari, in ji su, dole ya fi sauƙi a kan wanda ya kwana a mota.

Masu suka: wace sharar?

Wannan ce tambayar da ta fi ƙarfi a duk muhawarar, kuma manoma ne ke yin ta. A ƙasar Hausa, musamman arewacin Katsina inda ƙasa jigawa ce, kusan babu abin da gona ke bari da ba shi da mai shi. Karan dawa da na gero danni ne, rufin ɗaki ne, abincin shanu ne da rani, ragowarsa kuma dama murhu yake shiga. Harawar wake da ta gyaɗa damin-damin ake sayarwa, gab da layya kuwa tsadarta sai ta ba mutum mamaki. Dusa ta masu kiwo ce. Tunkuzar gyaɗa ƙuli-ƙuli ce. Totuwa tun a ƙauye mata ke hura wuta da ita. Ƙaiƙayi magina na kwaɓa shi da ƙasa. Tuƙar rake masu mazarƙwaila ke turawa ƙarƙashin kaskonsu. Hatta jujin cikin gari, shekara da shekaru jakuna ke kwashe shi zuwa gonakin bayan ganuwa a matsayin taki.

Shi kansa ɓuntun da ake tutiya da shi ba maraya ba ne. Masu gidan kaji na shimfiɗa shi, daga baya su sayar wa manoma haɗe da kashin kaji. Wasu na niƙa shi su cakuɗa da dusa su sayar wa masu kiwo, ko da yake wannan algus ne. Manyan injina kuwa da shi suke hura tukwanen da suke turara shinkafa. Masu suka sun ce abu shara ne muddin ba a zo nema ba. Ran da mai injin ya ga mota na zuwa ɗiba sau biyu a mako, ran nan zai sa masa farashi, kuma yana da gaskiya. Duk lissafin ribar da aka gina a kan cewa kayan aiki kyauta ne, ranar zai rushe.

Akwai kuma haƙƙin ƙasa. Abin da aka kwashe daga gona aka ƙone a birni ba zai koma mata ba. A lokacin da buhun takin zamani ya gagari ƙaramin manomi, ɗauke masa ɗan abin da ke ruɓewa ya riƙe masa danshi ba ƙaramin abu ba ne. An toshe rami ɗaya ke nan an haƙa wani.

Amsar masu goyon baya

Sun yarda da batun kara da harawa, sun ce ba wanda ya ce a taɓa su. Maganarsu kan abin da ya riga ya bar gona ne, ya taru a wuri ɗaya: bayan injin casa, wurin ɓarar gyaɗa, 'yan katako. Wannan dama ba ya komawa gona. In ma mai injin ya sa farashi, to alheri ne, kuɗin a cikin gari ya tsaya. Tokar da ta rage bayan girki kuma ana iya mayar da ita gona.

Suna ƙara da cewa farashin buhun gawayi ba ya faɗin gaskiyar tsadarsa. A irin ƙonawar gargajiya ta rufe itace da ƙasa, sai an cinye kilo biyar zuwa goma na itace kafin a samu kilo ɗaya na gawayi. Bishiyar da aka sare ba wanda ya biya kuɗinta, jiha irin tamu da ke bakin hamada ita ce ke biya daga baya. Ga hayaƙi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida, wadda girki da itace da makamantansa ke jawowa, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020. Matar da ke girki a ƙuntataccen madafi na gidan cikin gari, da goyo a bayanta, ita ce a cikin wannan lissafi. Dunƙulen da aka ƙona da kyau hayaƙinsa bai kai na ɗanyen itace ba ko kusa.

Suna kuma kawo misalan Afirka. A Kenya, bayan gwamnati ta dakatar da sarar daji a 2018, masana'antun ganyen shayi da makarantu sun ƙara karkata ga curin tuƙar rake. A Yuganda kamfanin siminti na Hima ya daɗe yana ƙona ɓawon gahawa a tandunansa don rage sayen mai.

Masu suka: a je a tambayi tukunya

A nan ne suke cewa a sauko daga takarda. Kusan kashi ɗaya bisa biyar na ɓuntu toka ce, mai ɗabi'ar yashi. Da an ƙona shi a ganga, abin da zai rage bai fi kashi ɗaya bisa uku da 'yan kai na nauyin farko ba, tokar kuma tana nan ba ta je ko'ina ba, har ta kan kai rabin abin da ya rage ko fiye. Tan biyu na ɓuntu sun koma kamar kilo 700, kuma zafin kilo ɗaya bai fi rabi da ɗoriya na zafin gawayin itace mai kyau ba. Wanda ya sayar da shi a rabin kuɗin gawayi yana ganin ya yi rangwame, alhali mai saye bai ci ribar komai ba.

Masu sana'ar abinci ba sa bukatar awo kafin su gane haka. Irin cinikin da ake yi a bakin tanda ke nan:

"Inna, ki gwada mana. Ya fi gawayi araha, kuma ba ya hayaƙi."

"Na ji, ɗan nan. Amma tanda wuta mai kaifi take so. Wannan naka sai fifita, kafin in juya zagaye na biyu toka ta rufe shi. In waina ta ƙi tashi kai za ka biya ni?"

Mai tsire ma yana da nasa: yana son garwashin da zai ja da ƙarfe ya baje ba tare da ya marmashe ba. Dunƙulen da sitaci bai ji ba kuwa, tun a buhu yake komawa gari. In an ƙara sitaci, rogo abinci ne, farashinsa da na garin kwaki tare suke tashi.

Sai a ce to a sayi babban inji mai matse ɗanyen ɓuntu da zafi, ba sai da sitaci ba. Wannan wutar lantarki yake ci sosai. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, a Oktoban shekarar kuma yawancin Arewa ta yi sama da mako guda cikin duhu. In an koma janareto, an ƙona dizal ke nan don a ƙera abin da zai yi gogayya da itace. Yashin da ke cikin ɓuntu kuma yana cinye ƙarfen da ke tura shi, sai an yi ta zirga-zirga wurin mai walda. Ɗaukarsa ma wani aiki ne, domin ɓuntu cika ido gare shi ba nauyi: mota za ta cika maƙil, abin da ta ɗauko bai kai rabin ƙarfinta ba. Ga damina, lokacin da gawayi ya fi tsada kuma aka fi bukatar madadinsa, ita ce lokacin da shanya ke gagara.

Daga ƙarshe suna tuna wa mutane tarihi. A 2007 gwamnatin tarayya ta fito da manufar man tsirrai, aka yi ta kiran manoma su shuka bini-da-zugu za a yi dizal da shi. Ina man yake? Injinan iska 37 na Lambar Rimi, masu megawat 10, tun Malam Umaru Musa 'Yar'adua na gwamna aka fara maganarsu, aka kwashe fiye da shekara goma ana ɗage ranar kammalawa. Sun ce in rage sarar itace ake so, akwai gajeriyar hanya: murhu mai tsimin itace, irin wanda aka yaɗa daga 2014 a shirin da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi, Oxfam ta gudanar a ƙananan hukumomi bakwai na arewacin jihar, ciki har da Daura, Mashi, Zango da Ɓaure. Shi ba ya bukatar masana'anta, kuma uwargida na ganin ragin tun makon farko.

To, ina gaskiya ta fi karkata?

A ganina akwai abubuwan da aka gama. Tatsar man mota daga sharar gona ko ta shago ba sana'ar da ɗan Katsina zai zuba jarinsa ba ce a yanzu. Inda ake da hanyoyi, da wuta, da tsarin kwashe shara, ga kuma Shell a gefe, abin bai wuce gwaji ba. A ɗaya gefen kuma, ƙona shara a inda aka haife ta ba abin jayayya ba ne, riba ce tabbas, shi ya sa mai mazarƙwaila da mai injin turara shinkafa suke yi ba tare da wani ya shirya masu taron bita ba. Misalan Nestlé da Hima da masana'antun shayin Kenya duk iri ɗaya ne da wannan: kaya a tare, babban mai saye guda, tazara kaɗan. Masu goyon baya na kawo su a matsayin hujja, amma misalan ba su goyi bayan a bi gida-gida da leda ana talla ba.

Tsakiyar ce ba a warware ba. Masu suka sun yi gaskiya kan toka, sai dai duk hujjarsu a kan ɓuntu zalla ta tsaya. Ɓawon gyaɗa, totuwa da garin katako tokarsu kaɗan ce ƙwarai in an kwatanta, ga kuma marmashin gawayi da ke taruwa a wurin dillalai, wanda ake sayarwa da arha. Gauraya na iya canza lissafin. Haka nan, wutar da mai waina ta raina, wadda ba ta da kaifi amma tana daɗewa, ita ce mai dafa wake ko ganda ko mai ɗumama 'yan tsaki da hunturu ke nema. Su kuma masu goyon baya sun yi gaskiya kan bishiya da hayaƙi, amma uwargidan da aka ba kuɗin cefane ba za ta biya kuɗin hamada daga ciki ba. In al'umma na son a biya wannan, sai ta hannun hukuma, ko ta rage wa masu yin dunƙulen nauyi, ko ta sa makarantun kwananta su riƙa saye.

Abin da zai raba gardamar awo ne, kuma ba kilo da kilo ba: nawa aka kashe kafin tukunyar tuwo ɗaya ta nuna, da gawayi, da itace, da gas, da dunƙulen? Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua na da cibiyar binciken makamashi mai sabuntuwa, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman. Su ɗauki gidajen burodi da masu abincin sayarwa kaɗan a cikin gari, a yi shekara guda cur, rani da damina, a rubuta kuɗin kaya, na mota, na sitaci, na gyara da na lebura, sannan a karanta sakamakon a rediyo da Hausa.

Kafin nan, matashin da ke shirin sayar da babur ɗinsa ya sayi inji, ya fara zuwa bakin injin casa ya tambayi kuɗin buhun ɓuntu da kaka, ya sake tambaya da bazara. Ya yi buhu biyu da ganga, ya kai wa mai burodi ɗaya kyauta. In mai burodin ya aiko a ƙaro masa da kuɗinsa, sai ya je ya yi cinikin inji.